Amsa: Haɗa ƙananan bishiyoyi don teburin wasan yaƙi

Malam, ka tambayi yadda ake haɗa bishiyar da za ta dace da 'yan sojojin roba masu tsayin milimita 28. Tsayin santimita 10 zuwa 15 ya isa.

Feɗe tsohuwar wayar lantarki, ka yanko silin tagulla kamar 20. Murɗa su tare daga ƙasa su zama gindi, sama kuma ka rarraba su uku-uku su zama rassa. Kwaɓa garin katako da farin gam irin na kafintoci ka shafe wayar, ka bar ta ta kwana. Kada ka shanya a rana, ɓawon tsagewa yake yi. In bishiyar kuka kake so, sa guntun karan dawa a tsakiya don gindin ya yi kauri.

Ganye shi ne aikin. Marmasa soson tsohuwar katifa, ka rina da koren fenti na ruwa kala biyu, mai duhu a ƙasa, mai haske a sama. Kala ɗaya sai bishiyar ta fito kamar ta roba. Liƙa kaɗan-kaɗan, don gam mai yawa dunƙule soson yake yi.

Dasa ta a kan falankin katako, kwali lanƙwashewa yake da damina. Kuma ka guji liƙi da kullun rogo, gara da kyankyasai za su cinye maka daji.