Tambaya da Amsa: Katakon hamonikata yana yanka min leɓe

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Kawuna ya ba ni wata tsohuwar hamonika, ɗan ƙaramin abin busa da ake karawa a leɓe, ƙirar Hohner, an rubuta Marine Band a jikinta. Da damina in na jima ina busawa, sai haƙoran katakon nan na tsakiya su kumbura su fito, har suna yanka min leɓe. Yanzu da hunturu ya shigo sun koma ciki, amma iska na zurarewa, sai na yi ta haki kafin sauti ya fita. Abokina ya ce in riƙa tsoma ta a ruwa, wani kafinta a unguwarmu kuma ya ce in kawo ya shafa mata fenti mai ƙyalli. Wanne zan bi? Ɗalibi daga Fagge.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka bi ko ɗaya. Kawunka abu mai daraja ya ba ka. Kamfanin Hohner tun 1857 yake a garin Trossingen na ƙasar Jamus, ita kuma Marine Band tun 1896 ake ƙera ta, da katakon wani icen marmari da ke fitowa a ƙasashen sanyi. Tsofaffin ba a toshe cikin ramukan katakon da komai ba, shi ya sa yake shan yawu da damshin numfashi. Abin da ke samun ƙofar ɗakinka ne, wadda ke cijewa a watan Agusta, a Janairu kuma ka riƙa hango waje ta tsaginta. Mu nan Kano abin ya fi tsanani, don damshin damina da bushewar hunturu sun yi hannun riga ƙwarai.

Maganar abokinka tana da asali. Tsofaffin mabusa na Amurka sun yi ta tsoma tasu a ruwa, katako ya kumbura ya toshe kafofin iska, sauti ya yi ƙarfi na ɗan lokaci. Amma duk bushewa ɗaya sai katakon ya ƙara ƙanƙancewa ya karkace, ƙusoshi su yi tsatsa, wata rana haƙori ya tsage. Shi kuwa kafinta, abin da ke cikin gwangwaninsa na kujera da gado ne, sau da yawa ma haɗi ne da shi kansa bai san me ke ciki ba. Wannan abu a bakinka yake zama, kana zuƙar iska ta cikinsa har huhu.

Maganin shi ne ka daidaita katakon, ka shafe shi da abin da zai hana shi shan damshi. Yanzu ne lokacin aikin, da katakon ya bushe ƙayau. In ka rufe shi da damina, ka kulle damshi a ciki ke nan.

Irin taka da ƙananan ƙusoshi aka haɗa ta. Sa bakin siririyar wuƙa ka ɗaga murfin a hankali, sannan farantan tagullar nan biyu, kaɗan-kaɗan daga gefe zuwa gefe don kada su lanƙwashe. Kowace ƙusa ka soka ta a jikin kwali daidai inda take, domin ramin da ta fito nan za ta koma. Harsunan tagulla ashirin da ke jikin farantan, masu fitar da sauti, kada ka taɓa su. Ajiye su cikin kwano mai murfi, ƙurar hunturu ba ta bar komai ba.

Inda nake so ka ɓata lokacinka shi ne wajen daidaita katakon, don nan ne maganin iskar da ke zurarewa. Nemo gilashi mai kauri, ka shimfiɗa sanfefa mai lamba 400 a kansa, za ka samu a Ƙofar Ruwa. Zana layuka da fensir a fuskar katakon, ka kifa shi, ka riƙa murzawa kana zagayawa ba tare da danne gefe ɗaya ba. Ɗaga ka duba: inda fensir ya rage, nan ne kwari. Da layukan sun ɓace duka, tsaya, kada ka cinye kaurinsa. Yi wa ɗaya fuskar haka, ka bi da mai lamba 600. Sannan naɗe ɗan guntun sanfefa ka kashe kaifin bakin kowane haƙori, har sai ka shafa da leɓe ka ji sumul.

Abin shafawa kuwa, ni shalak na fi so. Ƙaro ne da wani ƙwaro ke fitarwa a Indiya da Tailan, har ƙwayar magani da alewa ake shafe da shi. Ana narka ɓarzajensa a sifirit, a shafa da ƙaramin buroshi siriri-siriri har cikin ramuka, sau uku, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Ka bar shi kwana biyu zuwa uku sai warin ya tafi ɗungurum, ka sake goga fuskokin a kan gilashi sama-sama.

In bai samu ba, je kemis ka sayi man farafin da ake sha don bushewar ciki. Na kemis na ce, ba kananzir ba. Jiƙa katakon ya kwana, ka goge sosai, ka bi da ɗan kakin zuma daga Kasuwar Kurmi, ka murje da tsumma har ya daina danƙo. Kaki yana narkewa ne wajen digiri 62, amma tun kafin nan ya yi laushi, kuma mota da aka rufe a rana a watan Afrilu ta isa ta sa ya bi harsunan ya liƙe su. Don haka kaɗan ya isa. Man gyaɗa da man shanu kuwa, kul, za su yi ɗoyi. Kuma ka zaɓi hanya ɗaya.

Bayan ka mayar da komai, riƙa kurkure baki kafin busa, musamman in ka ci goro ko ka sha shayi, in ka gama ka bubbuga ta a tafin hannu, ka bari ta sha iska kafin ta shiga aljihu. In kuma ka buɗe ka tarar wani haƙori ya riga ya tsage, kada ka sa masa gam. Rubuto min in gaya maka yadda ake fitar da sabo.