Yadda masu sharhi suka karɓi faifan A Love Supreme

Ka tambaya ko tun farko masu sharhi sun yaba wa wannan faifai na John Coltrane, Ba'amurke mai busa saksofon a salon kiɗan jazz, ko kuwa sai daga baya darajarsa ta bayyana. Gaskiya tun fitowarsa a farkon 1965 ya samu karɓuwa, har aka sa shi cikin takarar Grammy, babbar kyautar kiɗa da waƙa ta Amurka, masu karanta mujallar jazz ta DownBeat kuma suka zaɓe shi gwarzon faifan shekara. Abin mamakin shi ne, a 1961 wani marubucin wannan mujalla ya zargi Coltrane da rusa jazz.

A zama ɗaya aka naɗe shi, ranar 9 ga Disamba 1964, a New Jersey ta Amurka, McCoy Tyner na kan piyano, Jimmy Garrison na kan bas (babban abin kiɗa mai tsirkiya), Elvin Jones na kan ganguna. A ganina, abin da ya sanyaya zukatan masu sukar shi ne tsarinsa: Garrison yana maimaita ɗan gajeren sauti mai bugu huɗu, Coltrane ya ɗauke shi da saksofon yana jujjuya shi daga wannan murya zuwa waccan, sannan ya ajiye busa ya rera sunan faifan da bakinsa.