Tambaya da Amsa: Farautar Wildibis a Gandunan Texas

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ga wani bidiyo a Facebook inda wani Ba'amurke ya durƙusa kusa da gawar wata dabba mai kama da ɓauna, mai gemu da geza, yana riƙe da bindiga, an kuma ce a jihar Texas ya harbe ta, a wani gandu mai zaman kansa, tare da ɗan jagora. Na san dabbar ta Afirka ce, domin ita ake nuna mana a talabijin tana tsallaka kogi a Tanzaniya. Yaya aka yi ta je Amurka, kuma doka ta yarda a harbe ta? Shin gaskiya ne cewa wannan farauta tana kare namun daji? Gidanmu gidan mafarauta ne tun kaka da kakanni, kuma abin bai kwanta mini ba. Sannan mai hali zai iya kawo irinta gonarsa a nan? Daga mai karatu a Birnin Gwari.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Dabbar da ka gani ita ce wildibis, kuma duk da kamanninta da ɓauna, danginta na kusa su ne kanki da dari. Iri biyu ce. Akwai shuɗiya, wadda fiye da miliyan ɗaya daga cikinta ke kai-komo kowace shekara tsakanin Serengeti ta Tanzaniya da Masai Mara ta Kenya, kuma namijinta kan kai kilo 250. Akwai kuma baƙa mai farar wutsiya, ta tuddan Afirka ta Kudu, wadda ba ta kai ta farkon girma ba. A halin yanzu babu ɗaya daga cikinsu da ke cikin jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu.

Zuwan namun dajin ƙetare Texas ya daɗe. Tun wajen 1930 aka saki nilgai, wata babbar dabbar Indiya, a gandun King da ke kudancin jihar, kuma daga shekarun 1950 wasu gandunan, irin su Y.O., suka mai da farautar baƙin dabbobi sana'a. Wildibis ɗin da ake harbi a can yau yawanci haihuwar can ne, ana kiwon su ana sayarwa a gwanjo daga wannan gandu zuwa wancan. Abubuwa biyu ne suka ba harkar gindin zama. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasar Texas mallakar ɗaiɗaikun mutane ce, sannan dokar jihar ta ɗauki baƙuwar dabba irin wannan a matsayin dabbar kiwo, dukiyar mai gandu. Saboda haka babu lokacin rufe farautarta, babu kuma iyakar adadin da za a harba. Lasisin farauta da izinin mai ƙasa su ne abin da ake nema. Ta fuskar doka dai mutumin da ka gani bai yi laifi ba.

Ga yadda abin ke gudana. Baƙo yana biyan kuɗin kwana, wanda ya haɗa da masauki da abinci da ɗan jagora, sannan ya biya kuɗin kan dabbar daban, kuma wildibis ɗaya a Texas dubban daloli ne, ya fi na Afirka ta Kudu tsada nesa ba kusa ba. Kafin a fita, jagoran kan kai shi filin gwaji ya ga ko bindigarsa tana kai harsashi inda aka auna. Daga nan a shiga buɗaɗɗiyar mota a zagaya har a hango garke, a sauka a yi sanɗa ta inda iska ba za ta kai wa dabbobin warin mutum ba, ko kuma a zauna dako a wata 'yar rumfa kusa da mashaya ko wurin da ake zuba musu abinci. Jagora ne ke zaɓar wanda za a harba, galibi tsohon namiji wanda faɗin ƙahoninsa ya wuce bakin kunnuwansa, shi ne kuma ke kafa sandunan da ake ɗora bindiga a kai, ya raɗa wa baƙon cewa ya jira dabbar ta ba da gefe. Wildibis tana da taurin rai, kuma tudun da ke bisa kafaɗarta kan ruɗi sabon maharbi ya harba sama da inda zuciya take, dabbar ta tsere da rauni. Ƙa'idar gandunan ita ce, da zarar an ga jini a ƙasa, to kuɗi ya hau kan baƙo, ko an samu dabbar ko ba a samu ba. Bayan hoto sai a feɗe, a kai fatar kai da ƙahoni wurin masu gyara su mai da ita kamar mai rai don a rataye a bango.

Rashin kwanciyar da abin ya yi maka yana da dalili, kuma ina tare da kai a kansa. Waɗannan gandunan a kewaye suke da shingen waya mai tsayin kusan ƙafa takwas, wato dabbar ba ta da hanyar barin wurin. Sai dai gandu suna suka tara. Wanda ya kai eka dubbai, mai duhuwa da kwazazzabai, dabbar da aka haifa a cikinsa ta san maɓoyarta, kuma maharbi na iya yin kwanaki bai same ta ba. Amma inda aka sayo namiji a gwanjo, aka sake shi a ƙaramin fili, ya saba da ƙarar motar da ke kawo masa abinci, sannan aka tabbatar wa baƙo tun kafin ya baro gida cewa ba zai koma hannu rabbana ba, a ganina wannan ya fita daga farauta ya zama ciniki. Su kansu mafarautan Amurka ba bakinsu ɗaya ba: ƙungiyar Boone and Crockett ba ta karɓar dabbar da aka harba cikin shingen da ba ta iya ƙetarewa a kundin bajintarta, ita kuwa Safari Club International ta ware wa irin wannan rukuni na daban.

Batun kare namun daji kuwa yana da gaskiya a cikinsa, amma gaskiyar ta fi ƙarfi a Afirka ta Kudu. A ƙarshen ƙarni na 19 an kusa ƙarar da baƙar wildibis da harbi, kuma 'yan garkunan da wasu manoma suka tsare a gonakinsu, musamman a yankin Free State, suna cikin abin da ya ceci irin. A 1991 ƙasar ta yi dokar da ta ba mai gona mallakar namun dajin da ya killace da isasshen shinge, sai gonakin shanu da yawa suka koma gandun namun daji, yawan dabbobin ya ƙaru ƙwarai. A can dabbar tana cikin ƙasarta ta asali, kuma kuɗin farauta ya sa an bar daji a matsayin daji. Duk da haka neman riba ya kawo ɓarnarsa: an riƙa haɗa dangi na kusa don a samu wildibis mai launin zinariya, farashinta ya yi tashin gwauron zabi har zuwa wajen 2015 kafin kasuwar ta faɗi, sannan ajiye baƙa da shuɗiya wuri guda na haifar da ruwa-biyu masu iya haihuwa, abin da ke barazana ga tsarkin irin baƙar. Wildibis ɗin Texas kuwa ba ta ƙara wa garken Serengeti komai, kuma kuɗin da aka biya a kanta ba ya kaiwa ga ƙauyen da ke maƙwabtaka da dajin Afirka. Mummunan sanyin da ya afka wa jihar a Fabrairun 2021 ya kashe baƙin dabbobi masu yawa a gandunan, domin jikinsu bai san irin wannan yanayi ba. Ƙasashen Afirka ma sun rabu a kan batun: Kenya ta haramta farautar manyan namun daji tun 1977, Botswana ta hana a 2014 ta kuma janye hanin a 2019.

Tun da gidanku na mafarauta ne, ka san abin da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, cewa farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce, kuma hadisi ingantacce ya hana a mai da abu mai rai abin gwajin harbi. A Texas maharbi kan tafi gida da naman. A Afirka ta Kudu baƙo ba ya iya shiga da shi Amurka, don haka a sansanin ake ci, a ba ma'aikata, a sayar, ko a shanya shi kamar kilishi. Naman dai ba ya cika tozarta, amma abin da ya kawo mutumin shi ne ƙaho, kuma hukuncin niyyarsa na malamai ne.

Game da kawo ta nan, ba na ba kowa wannan shawara. Wildibis tana ɗauke da wata ƙwayar cuta da ba ta cutar da ita, amma idan ta kama saniya tana kawo zazzaɓi da majina da farin ido, kuma da wuya saniyar ta tashi. Jariran wildibis ne suka fi yaɗa ta, shi ya sa Masai, makiyayan Kenya da Tanzaniya, ke janye shanunsu daga filayen da garken ke haihuwa, ko da kuwa a nan ciyawa ta fi kyau, kuma a Afirka ta Kudu cutar ta sha haddasa rigima tsakanin masu shanu da masu gandu. A ƙasar da burtali ke ratsa kusan kowane daji, wanda ya shigo da ita shanun maƙwabtansa ya jefa cikin haɗari. Mai dukiyar da ke son kiwon namun daji ya nemi izinin hukuma ya fara da gwanki da kanki da mariya, waɗanda namu ne kuma yawansu ke raguwa a dazuzzukanmu.