Tambayi Likita: Raguwar Sinadarin Maza Idan Shekaru Sun Ja

Likita, shekarata 56, kullum cikin kasala nake, sha'awar iyali ta ja baya, ga tumbi. Tsufa ne ko ciwo? Daga magidanci a Tudun Wada.

Malam, sinadarin testostiron da 'ya'yan maraina ke samarwa yakan ragu da kusan kashi 1 cikin 100 duk shekara bayan namiji ya haura 40. Wannan raguwar a hankali take, ba ta cika kayar da mutum ita kaɗai ba. Masu durƙusar da shi su ne ƙiba, ciwon suga, rashin barci, da shan tiramadol ko kodin. Ka je a ɗibi jininka tsakanin ƙarfe 7 da 10 na safe, kafin ka karya, domin da yamma sinadarin sauka yake yi. A maimaita wata rana. Sai ya gaza 300 ng/dL har sau biyu, ga kuma alamu, sannan ake zancen magani. A haɗa da awon suga, don sau tari can matsalar take.

Wani mai kemis ya ce zai riƙa yi mini allurar testostiron. In yarda? Daga dattijo a Sabon Gari.

A'a, Baba. Allurar na kaurara jini, kaurin jini kuwa yana iya jawo gudajinsa ya toshe jijiya. Shi ya sa ake auna PCV, wato awon kaurin jini, kafin a fara, a sake bayan wata 3 zuwa 6. In ya wuce kashi 54, a dakata. Ana kuma gwajin PSA, gwajin jini ne na duba furostet, ƙullutun nan na ƙarƙashin mafitsara, domin mai sankarar furostet ba a ba shi allurar. Ka nemi likitan mafitsara a Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika. In ta tabbata kana bukata, akwai allurar da ake yi duk mako 2 zuwa 3, akwai ta duk mako 10 zuwa 14, akwai na shafawa kullum.

Maigidana yana allurar nan, mu kuwa haihuwa muke nema. Daga uwargida a Samaru.

Hajiya, ita ce ma za ta hana. Idan sinadarin ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa sai ta daina aika wa maraina saƙo, ƙwayoyin haihuwa su ragu, wani su ƙare ƙaf. Ya koma wurin likita a tsayar da ita, a auna maniyyi. Yawanci sukan farfaɗo cikin wata 6 zuwa shekara, wani ya fi haka.