Fatar da ke jure bargar doki da damina

Ka tambaye ni, yaro, wace fata za mu yanka wa mai dokin nan da ke son takalmin hawa, ga shi bargarsa ba ta rabuwa da laima duk damina. Na ga hannunka har ya kai kan fatar jan akuyar Sakkwato. Mayar da ita. Tana da kyau da laushi, amma aikinta jaka da ado, sai kuma shafin ciki.

Ruwan sama ba shi ne abin tsoro ba. Fitsarin doki ne. Wannan warin da ke sa ido hawaye in ka shiga barga da sassafe, shi ke tsotse maiƙon fata, ta bushe, ta tsage daidai inda ƙafa ke lanƙwasawa. Saboda haka kirgi za ka nema, mai kauri, wanda fuskarsa take nan ba a kankare ba. Yanka daga gadon baya, kada ka taɓa wajen ciki, don nan ne fata ke saki. In ka je kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano saye, lanƙwasa ta sosai, ka ɗiga mata ruwa. In ta shanye nan take ko fuskar ta yi zane-zanen tsagewa, bar musu kayarsu.

Jimar bagaruwa tamu ce, ina son ta, tana riƙe siffa a ƙwauri. Sai dai in ta jiƙe ta bushe, takan ƙage kamar ganda. Daga idon sawu zuwa ƙasa, jimar kamfani irin ta masana'antun Challawa da ke Kano, wadda in ka yanka za ka ga cikinta shuɗi-shuɗi, ta fi haƙuri da ruwa.

Tafin kuwa roba, mai ɗan santsi, da dunduniya kamar inci 1, don kada ƙafa ta zurma cikin likkafa. Kada ka sa mai manyan haƙora, yakan maƙale, in doki ya yi tutsu ya ja mutum a ƙasa. Gam kaɗai ba ya riƙewa, ɗinka shi da zaren nailan da ka goga wa kakin zuma. Zaren auduga ruɓewa yake. Ƙusar ƙarfe ma ka guje ta, tsatsa take yi ta baƙanta fatar bagaruwa. Ai ka san da ƙarfe muke haɗa kuloko, baƙin rinin fata.

In ya zo karɓa, faɗa masa gaskiya: ya ɗauraye shi duk ranar da ya taka fitsari, ya cusa tsumma a ciki, ya shanya a inuwa, ba rana ba wuta, sannan ya shafa man kaɗe kaɗan. Sharar barga kuma ya sayi takalmin roba. Miƙo min basillar can.