Tambayi Likita: Takardar tambayoyi daga makaranta, shisha da gyangyaɗi a aji

Assalamu alaikum likita. 'Yata mai shekara 14 ta dawo daga makaranta da takarda, wai in sa hannu za a yi musu tambayoyi kan abinci, barci, taba da shaye-shaye. Anya wannan ba koya wa yaro abin da bai sani ba ne? Daga wani magidanci a Zariya.

Wa alaikumus salam. Malam, ka yi daidai da ba ka sa hannu ido rufe ba, amma irin wannan bincike ba baƙon abu ba ne. Tun 1983 masana ke gudanar da wani da ake kira HBSC tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, duk bayan shekara huɗu, a kan 'yan makaranta masu shekara 11 da 13 da 15. A zagayen 2021 zuwa 2022 yara kusan 280,000 ne suka amsa, daga ƙasashe da yankuna 44 na Turai da Asiya ta Tsakiya da Kanada. Akwai kuma wani bincike irinsa a makarantu, GSHS, da aka soma a 2003, wanda ƙasashen Afirka irin su Ghana suka shiga. Ba taba kaɗai ake tambaya ba. Ana tambayar yaro ko yana karya kumallo, ko ana cin zalinsa a makaranta, ko yana iya faɗa wa mahaifinsa damuwarsa.

Amfaninsa kuwa, ni kullum ina gani a ɗakin duba marasa lafiya. Muddin uba na zaune, duk abin da na tambayi yaro sai ya sunkuyar da kai ya ce "ba komai". Da zarar uban ya fita karɓo magani, sai bakin ya buɗe. Takardar da ba suna a kanta haka take yi: yaro ya san ba mai zane shi, sai ya faɗi gaskiya. Kuma 'yar shekara 14 ba a takarda za ta fara jin sunan taba ba, ta riga ta gan ta a teburin mai shayi.

Ka je makarantar ka tambayi su waye masu binciken, ko suna da izinin kwamitin ɗa'ar bincike da na hukumar ilimi. Ka tabbatar ba za a rubuta suna ba, malaman ajin ba za su karanta amsoshin ba, kuma yarinyar na da damar tsallake tambayar da ba ta so. In hakan ya tabbata, sa hannu.

Likita, na ga hoton ɗana ɗan shekara 15 yana busa shisha da abokansa. Ya ce min ai ƙamshin 'ya'yan itace ne kawai, ruwan ma yana tace hayaƙin. Babansa bai sani ba tukuna. Daga wata uwa a Kano.

Hajiya, abin da abokansa suka faɗa masa ya maimaita miki. Ruwan sanyaya hayaƙin yake yi, ba ya kawar da gubar, sanyin ma shi ke sa a zuƙa sosai har can cikin huhu. Akasarin abin da ake zubawa taba ce da aka jiƙa da zaƙi da ƙamshi, da nikotin ɗinta mai kama mutum. Gawayin da ke kai kuma yana fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ke kawo ciwon kai da jiri, wani har ya faɗi sumamme. Ga bututu ɗaya yana yawo baki-baki. Dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ma ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba.

Sai dai yaron nan ba don hayaƙin ya je ba, don zaman ya je. A shekarunsa, a ce masa "ɗan Hajiya" a majalisa ya fi masa ciwo a kan duk wata cutar huhu da za ki lissafa. Don haka duka da ƙwace waya ba sa raba shi da abokan nan, sai dai ya ƙware a ɓoyo. Ki faɗa wa babansa, amma ku shirya yadda za ku tunkare shi kafin a kira shi. Ku tambaye shi yaushe ya fara, sau nawa a mako, wa ke biya. Sannan ki ce ya kawo abokan gida su ci tuwo. A zama ɗaya za ki gane wane ne jagoran. In kin lura yana fushi ko rashin sukuni ranar da bai sha ba, nikotin ya fara kama shi, ku zo asibiti.

Ni malamar sakandare ce a Katsina. Kafin ƙarfe goma rabin ajina na gyangyaɗi. Ko wayar salula ce ke jawo haka?

Malama, tana iya zama ita. Matashi na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, wanda ya kai ƙarfe ɗaya yana TikTok ya tashi da asuba kuwa bai samu ko biyar cikakku ba. A binciken HBSC, yaran da kafofin sada zumunta suka zame musu matsala sun ƙaru daga kashi 7 cikin 100 a 2018 zuwa 11 a 2022, kuma abin ya fi yawa a 'yan mata. Amma alƙaluman Turai da Asiya ta Tsakiya da Kanada ne, kada ki ɗora su kan ajinki kai tsaye. Cikin masu gyangyaɗin akwai wadda ta fito ba ko koko a cikinta, da wadda ta yi talla har dare, da mai ƙarancin jini. Ki raba musu 'yar takarda ba suna: ƙarfe nawa kika kwanta, me kika ci da safe. Wadda kika ga cikin idonta ya yi fari, tana haki in ta ɗan yi sauri, a kai ta gwajin jini.

Likita, ina shan lemon ƙara kuzari gwangwani biyu da dare don karatun WAEC, sai in ji ƙirjina na bugawa. Daga wani ɗalibi.

Ɗana, sinadarin kafeyin (caffeine) mai hana barci da ke ciki ne, kuma ya yi maka yawa. Ka daina, ka mayar da karatun bayan sallar asuba, don abin da ka karanta sai da barci yake zama a kai. In bugun bai tsaya ba bayan kwana biyu da dainawa, ko ya zo da jiri ko ciwon ƙirji, ka je a auna maka zuciya a ranar.