Daga ƙofar shago zuwa bakin kwata: me ya rataya a wuyan mai shago?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina hayar shagon kayan masarufi a bakin titi, wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina. Kullum da safe nakan share, amma kafin azahar ƙura ta lulluɓe kaya. Kwatar da ke gabana ta toshe tana wari, mun yi ta ja-in-ja da maƙwabcina kan wanda zai yashe ta. Ina so in ƙara rumfa in fito da kaya waje, in kafa babban allo don masu wucewa su gani. Ga kuma masu karɓar kuɗi iri-iri da ke zuwa. Ta ina zan fara, kuma me doka ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa nema albarka.

Akwai abu guda da in ka riƙe shi, sauran tambayoyinka za su warware. Filin da ke tsakanin ƙofar shagonka da titi ba naka ba ne, ba kuma na mai gidan da ya ba ka haya ba ne. Hanyar jama'a ce. Amma tsaftarsa a wuyanka take, domin kai ke cin moriyarsa, kuma kai duba-gari zai fara tambaya. Yawancin rigimar da ke tasowa tsakanin masu shaguna da hukuma daga juya wannan magana take: mutum ya mamaye wurin kamar gadonsa, in an zo batun shara kuma ya ce ai na gwamnati ne.

Fara da kwatar, tun da ita ce ta fi yi maka ɓarna. Mai saye yakan haƙura da shagon da fentinsa ya koɗe, amma ba wanda zai tsaya a auna masa sukari yana toshe hanci. A Katsina abu biyu ke cushe magudanar ruwa: yashi da leda. Iska takan kwaso yashi duk tsawon rani ta zuba a ciki, ledar fiya wata da ta sayayya su zauna a kai su riƙe shi, sannan mu da kanmu mu ƙara da sharar da muke turawa da tsintsiya kowace safiya. Wannan ɗabi'a ta share bakin shago a tura cikin kwata ita ce ta farko da za ka hana yaronka. A tara sharar, a kwashe, a zuba a durom mai murfi, a kai inda hukumar kare muhalli ta jiha, wato SEPA, ko ƙaramar hukuma ta ware don zuba shara. Kada a ƙona a bakin titi. Hayaƙin leda yana cutar da ƙirji, yana kama kayan abinci, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya kama rumfar maƙwabci.

Lokacin yashe kwata shi ne watan Mayu, kafin ruwa ya zauna. Wanda ya bari sai Agusta, lokacin da damina ta yi ƙarfi, zai tarar ruwa ya riga ya nemi wata hanya, kuma sau da yawa hanyar ita ce ƙofar shagonsa. Idan an yashe, kada a bar ƙazantar jibge a gefe. Ana barinta ta tsane, kwana ɗaya ya isa, sai a kwashe da baro. In aka ƙyale ta, ruwan farko zai mayar da ita inda aka ciro ta, kuɗin lebura ya tafi a banza. Ka kuma sani cewa ruwan da ya kwanta, musamman na bayan ruwan sama, kwana bakwai zuwa goma ya ishi sauro ya ƙyanƙyashe a ciki har ya tashi.

Wani kuskure da ya yi yawa shi ne mutum ya zuba kankare ya rufe kwatar gabansa gaba ɗaya don ya samu daɓe mai kyau. Ranar da ta toshe babu ta inda za a shiga, sai an fasa. Abin da ya dace shi ne ƙananan murafun kankare waɗanda mutum biyu za su iya ɗagawa, ko ragar ƙarfe, kuma ko wannan sai an nemi izini.

Batun maƙwabcinka kuwa, ina ganin gardamar ba ta da riba. Ruwa ba ya tsayawa a iyakar shago. In ka yashe gabanka shi bai yashe nasa ba, wari zai dawo maka cikin mako. Ku kira duk masu shagunan layin, ku sa dattijon cikinku a gaba, a yanka ɗan abin da kowa zai riƙa bayarwa duk wata, a ɗauki mutum ɗaya da zai riƙa kula da kwatar daga kwalbati zuwa kwalbati. In wani ya ƙi, a kai magana gun mai unguwa kafin a kai ta ofis. Manyanmu suna tuna sharar ƙarshen wata da aka tsananta a zamanin mulkin Janar Buhari, a shekarun 1984 da 1985. Abin da ya sa ta yi tasiri shi ne kowa ya fito a rana ɗaya, kuma layinku na iya yin haka ba tare da soja ya tsaya a kanku ba.

Ƙura ba ta da wuyar sha'ani haka. A yayyafa ruwa kaɗan kafin a sa tsintsiya, a goge kanta da tsumma mai laima. Kaɗe kaya da busasshen ƙyalle tayar da ƙurar kawai yake yi, ta sake sauka. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai an yi sau biyu a rana, kuma labulen roba mai haske a ƙofa yana rage ta sosai. Buhunan shinkafa, gari da sukari a ɗora su kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango, saboda laima da ɓera. Ɓera ba ɓarnar kaya kaɗai yake yi ba, ta fitsarinsa da kashinsa zazzaɓin Lassa ke shiga abinci.

Yanzu rumfa. A nan zan ce ka dakata. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta sanya filayen birni a hannun gwamna a matsayin amana, kuma hukumar tsara birane ta jiha, URPB, ita ke duba abin da za a gina da inda zai tsaya. Rumfar kwano mai ginshiƙai da aka kafa a ƙasa ƙari ce a kan gini. Izinin mai gida bai wadatar ba, domin shi ma ba shi da iko da gefen titi. Ka tambaye shi takardar izinin ginin, ku je hukumar tare, a nuna muku iyaka. In aka ba da izini, a karɓa a rubuce. Idan rumfarka ta haye kwata, ko ta tilasta wa mai tafiya a ƙasa sauka kan kwalta inda Keke Napep da babura ke gudu, to ko yau ba a taɓa ka ba, ranar da aka tashi faɗaɗa hanya ko gyaran magudana ita za a fara cirewa, kuma abin da aka gina ba izini da wuya a biya diyyarsa. Ka yi tunanin ɗalibar Islamiyya ko dattijo mai sanda da katan-katan ɗinka suka tura tsakiyar titi. Wannan haƙƙi ne, tun kafin a zo batun tara.

Ni a ganina ma fito da kaya waje ba ya ƙara ciniki yadda ake zato. Zafin ranar Katsina a watan Afrilu yana lalata madara, man gyaɗa, lemon roba da ruwan leda, ya kuma koɗar da kwalaye har sabon kaya ya koma kamar kwantai. Abin da ke jan mai saye shi ne ya hango cikin shago daga titi: ƙofa a buɗe ba a cushe ta ba, haske mai kyau, kaya jere iri-iri, gwangwanaye suna fuskantar waje. Fenti mai haske sau ɗaya a shekara bayan damina, benci ɗaya mai tsafta, buta da abin wanke hannu a gefe. Allo kuma ƙarami da aka manna a goshin shago, mai sunan shago da abin da ake sayarwa da manyan baƙaƙe, ya fi katafaren allo mai ƙafafu da zai tare wa direbobi gani, iskar farkon damina kuma ta kayar da shi kan mutane.

Game da masu karɓar kuɗi, tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya ba ƙananan hukumomi ikon kula da shaguna da kes-kes, gidajen abinci, allunan talla na waje da kwashe shara. Saboda haka kuɗin shago da na allo suna da tushe a doka. Abin da za ka yi shi ne ka je sakatariyar ƙaramar hukumar Katsina, sashen kuɗaɗen shiga, da kuma ofishin haraji na jiha, ka nemi jerin abin da shago irin naka ke biya a shekara da yadda ake biya. Duk wanda ya zo, ka karɓe shi da mutunci, ka nemi katin shaidarsa da takardar neman biya, kuma kada ka ba da ko sisi ba rasit. Ka tara rasit, yarjejeniyar haya da takardun izini a jaka ɗaya a cikin shago, ka ɗauki hotonsu a waya. Idan duba-gari ya shigo, zai duba kwanan watan lalacewar kaya da lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wato NAFDAC, don haka duk ƙarshen wata ka bi kanta ka ware abin da ya kusa ƙarewa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ba zan iya tsallake shi ba. Mutanen garin nan ba su manta gobarar babbar kasuwa ta watan Maris na 2021 ba, da dukiyar da ta ci. Ka kira ƙwararren mai gyaran wuta ya duba wayoyin shagonka, a cire duk wani jone-jone. In za ka tashi da dare, kashe wuta daga babban makunni, domin kamfanin lantarki na KEDCO na iya kawo wuta ba kowa a wurin. Janareta ya zauna a waje inda iska ke kaɗawa, a kashe shi ya huce kafin a zuba masa mai, kuma jarkar fetur kada ta kwana cikin kaya. Ka sayi tukunyar kashe gobara mai hoda, ka rataye ta kusa da ƙofa inda hannu zai kai, ka nuna wa yaronka yadda ake zare fil ɗinta, ka riƙa duba allurarta tana kan kore.